Ɗan Amper da Sandar Bishop a Garin Kuza

Gardamar da ba ta ƙarewa a Jos ita ce ta wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Mu Hausawan garin mun saba ɗauka cewa a kanmu kaɗai wannan magana take sauka. Amma akwai wata babbar majami'a mai tsohon tarihi da ta daɗe tana shan irin wannan kallo, kuma daga wajen 'yan'uwanta Kiristocin Filato: cocin Anglika. Tun kafuwar garin ana ganinta a matsayin cocin Turawan kuza da akawunan Kudu. Sai a 1992 ɗan asalin Filato ya riƙe sandar bishop ɗinta a Jos. Sunansa Benjamin Argak Kwashi, mutumin Amper a ƙasar Ngas, waɗanda muke kira Angasawa, kuma ya shekara 31 a kan kujerar.

Ni Musulmi ne, malamin makaranta da ya yi ritaya, a Jos Jarawa nake zaune. Kakana daga ƙasar Kano ya zo leburancin kuza, bai koma ba. Firamaren mishan na yi, kamar yaran unguwarmu da yawa a wancan zamani, saboda haka ƙararrawar coci ba baƙuwa ba ce a kunnena. Na ga ya dace mai karatun Hausa ya san tarihin mutumin nan, domin sunansa ya fi fitowa a jaridun Ingila da Amurka fiye da namu, alhali a tsakaninmu ya yi rayuwarsa.

Kuza ce ta tara mu duka. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwe suna narka ta, fatake suna kai ta kasuwa. Kamfanin Neja ya bi sawunta har ya gano inda take fitowa, injiniyansa Laws ya hau dutsen Filato wajen 1903, sai gari ya fara tsirowa a tsakanin Afizere da Anaguta da Birom. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi daga Kafanchan ya biyo baya a 1927. Jirgi ya kwaso leburori Hausawa da Barebari, ya kwaso akawuna da direbobi da teloli Yarabawa da Ibo da mutanen Saliyo, kowa ya sauka da addininsa. Turawan kamfani suka gina St. Piran, suka sa mata sunan waliyyin masu haƙar kuza na Konwal, can kudu maso yammacin Ingila. Yarabawa suka taru a St. Luke, wadda a yau ita ce babbar cocin bishop. Ibo suka yi tasu, St. Paul. Ɗarika ɗaya ce, tsarin addu'a ɗaya ne, amma ran Lahadi da safe kowa da harshensa, kuma da wuya ka ji na mutanen duwatsun nan a ciki. Ɗan Birom ko ɗan Afizere da ya shiga addinin Kirista, yawanci a hannun mishan ɗin SUM ko SIM ya shiga, waɗanda coci-cocinsu suka zama COCIN da ECWA, in ba haka ba to a hannun Katolika.

Ba kuma makara 'yan Anglika suka yi wajen zuwa Arewa ba. Ƙungiyarsu ta mishan, CMS, ita ta fara ɗora ido a kan ƙasar Hausa. Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka ceto daga jirgin bayi yana yaro, wanda ya zama bishop baƙar fata na farko a ɗarikar a 1864, ya yi aiki a Lakwaja, abokin tafiyarsa Schön kuma ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin Turawa biyar, har da likita Walter Miller, suka taso daga Legas suka ratso ƙasa har Kano. Sarki Alu ya karɓe su a fada, ya ji abin da ke tafe da su, ya ce su tattara su bar masa gari cikin 'yan kwanaki. Suka ja da baya zuwa Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Gwamna Lugga bai ji daɗin wannan kasada ba, mulkin mallaka kuma ya tsaya a kan cewa 'yan mishan ba za su shiga ƙasar sarakunan Musulmi ba sai da izini. Miller dai ya samu gindin zama a birnin Zariya a 1905, aka mai da tasharsu Wusasa a ƙarshen shekarun 1920, kuma yana cikin manyan waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932.

Da ƙofar birane ta rufe sai aka juya ga duwatsu. Wasu samari daga jami'ar Kambirij, a ƙarƙashin CMS, suka buɗe tasha a Panyam a ƙasar Mwaghavul a 1907, sannan Kabwir a ƙasar Ngas a 1910. Suka koyi harshe, suka buɗe aji, suka yi wa mutane baftisma. Sai a 1930 CMS ta miƙa tashoshin nan ga SUM ta janye. A wajen Turawa gyaran taswira ne kawai, domin dama 'yan mishan sun raba ƙasa tsakaninsu don kada su riƙa karo da juna. A wajen mutumin Kabwir kuwa, ya kwana yana ɗarika ɗaya ya wayi gari yana wata, ba tare da an tambaye shi ba. Mafi yawa suka zauna inda aka bar su, su ne kakannin 'yan COCIN na yau. 'Yan kaɗan suka bi CMS har Wusasa. Cikinsu akwai mai bishara Yohanna Gowon na ƙauyen Lur, wanda ya tafi da iyalinsa, har da ƙaramin yaro Yakubu da aka haifa a 1934. Shi ya sa tsohon shugaban ƙasa, Ba'angashe uwa da uba, ya tashi da Hausar Zazzau a bakinsa.

Daga nan cocin Anglika a Filato ta koma ta cikin gari da bariki. Arewa duka bishop ɗaya gare ta daga 1954, Bature John Mort, yana zaune a Kaduna. Kashe-kashen 1966 suka kwashe Ibo daga Jos, sai bayan yaƙin basasa aka fara dawowa. A Fabrairun 1979 cocin Najeriya ta tsaya da ƙafarta, ta fita daga lardin Afirka ta Yamma, a Janairun 1980 kuma aka raba Arewa uku: Kaduna, Kano da Jos. Bishop na farko a Jos Samuel Ebo ne, Ibo. Na biyu Timothy Adesola, Bayarabe. Ban ga laifi a nan ba, waɗanda suka cika bencina su suka ba da shugabanni.

An haifi Kwashi ranar 23 ga Satumba 1955 a Amper, cikin ƙaramar hukumar Kanke ta yanzu, wato ƙasa ɗaya da Kabwir da Lur. Mahaifinsa malamin makaranta ne, gidansu kuma yana cikin gidajen Ngas da suka ci gaba da riƙe Anglika. Soja ya tashi zama, makarantar yaran soja ta Zariya ya yi. A 1976 ya juya ga addini, kuma shi da bakinsa yakan ce kafin nan ba salihin saurayi ba ne. Ya shiga kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, wadda ta fara aiki a 1959. Makarantar ta haɗin gwiwar coci-cocin Arewa ce, saboda haka aji ɗaya ya zauna da waɗanda za su zama fastocin COCIN da na sauran ekklesiyoyin yankin, kuma ina ganin wannan ya yi masa rana daga baya. A can ya haɗu da Gloria. An naɗa shi limami a 1982, suka yi aure a 1983, suka soma yawon da kowane ƙaramin limami yake yi, daga cocin ƙauye zuwa ta gari, a yankin Kaduna.

Yana limanci a Zariya rikicin 1987 ya same shi. Ranar 6 ga Maris gardama ta ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan wani wa'azi da aka yi a taron ɗalibai Kirista. Aka yi faɗa a garin, aka ƙona masallatai, aka rasa rayuka. Da labari ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, sai fushi ya faɗa kan coci-coci. A Zariya an ƙona da dama cikin 'yan kwanaki, har da wadda Kwashi yake jagoranta da gidan da yake zaune da iyalinsa. Shekarunsa 31 a lokacin, aurensa shekara huɗu. Ya sha ba da labarin cewa abin da ya gaya wa mabiyansa a ranakun nan shi ne kada kowa ya rama. Bai bar ƙasar Zazzau ba. Daga baya ma aka ba shi shugabancin kwalejin horar da limamai ta St. Francis da ke Wusasa, kuma daga can aka kira shi Jos.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake samun bishop a wannan ɗarika, domin ba jama'ar coci ne suke zaɓe ba. Mutum yakan fara da muƙamin dikon, ya zama limami, ya hau matakan da ke sama, sannan idan kujera ta zama babu kowa majalisar bishop-bishop ta ƙasa ce take zama ta jefa ƙuri'a. Ranar naɗi kuma dole bishop aƙalla uku su ɗora masa hannu a ka. To, ɗauko ɗan shekara 36 a ba shi Jos shawara ce da ta fito daga sama. Shugaban cocin na ƙasa a lokacin, Joseph Abiodun Adetiloye, ya ƙudura cewa Anglika ba za ta dawwama tana zaman Sabon Gari a Arewa ba. A Satumbar 1990 kaɗai ya kafa sababbin dayosis takwas, wato yankunan da kowanne yake da nasa bishop: Minna, Kafanchan, Katsina, Sakkwato, Makurɗi, Yola, Maiduguri da Bauchi. Naɗin Kwashi a Fabrairun 1992 cikin wannan shiri yake.

Na ga shigar bishop kusa da kusa a ɗaurin auren 'yar wani abokin aikina. Mai ɗauke da gicciye ne a gaba, mawaƙa suna biye cikin dogayen riguna, sai limamai bi da bi gwargwadon muƙami, bishop ne na ƙarshe. Hula doguwa mai tsini, zobe a yatsa, gicciye a ƙirji, sanda a hannun hagu mai lanƙwasasshen kai, alamar kiwo. Duk wannan daga Ingila aka gado shi, babu abin da aka canja. Amma da aka zo baiko sai 'yan zumuntar mata suka miƙe, zane iri ɗaya, kallabi iri ɗaya. Wata dattijuwa ta rungumi tulu tsakanin gwiwoyinta tana buga bakinsa da faffaɗan soso, yana ba da wata murya mai zurfi da kake ji a ciki kafin ta iso kunne, wasu suna kaɗa caki, waƙar kuma da Hausa. Na tabbata Turawan da suka gina St. Piran ba su taɓa zaton za a buga tulu a gaban mai wannan hula ba.

Aikin bishop na yau da kullum ba shi da wannan ado. Tsakaninsa da limamansa kamar hakimi ne da dagatansa: shi yake naɗawa, shi yake canja wa mutum wurin aiki, gabansa ake kai ƙara. Yakan fita rangadi coci-coci yana ɗora hannu a kan matasan da suka gama koyon addini, yakan shugabanci babban taron dayosis, ya duba lissafin kuɗi, ya sasanta limami da dattawan coci. A nan ne Kwashi ya yi abin da nake ganin shi ne ainihin aikinsa. Ya fitar da cocin daga tsakiyar gari ya kai ta ƙauyuka, ya ɗauki samarin Filato ya horar da su limanci, har ya buɗe makarantar horarwa tasa a Jos don kada a dogara da aika kowa nesa. Makarantun firamare da sakandare da ɗakunan shan magani suka biyo baya. Abin ya yi yawan da a zamaninsa aka yanke Bukuru da Pankshin da Langtang daga Jos, kowace ta samu nata bishop. Pankshin tana maƙwabtaka da Kabwir. Ashe ƙasar da CMS ta bari a 1930 sai da ɗan wannan ƙasa ya hau kujera aka koma mata, bayan fiye da shekara saba'in. Ba kowa ne ya yi murna ba, don inda aka koma ɗin akwai masu coci a wurin tuntuni, kuma tumakin da ake kiwo ba duka sababbi ba ne.

Matarsa Gloria ta ɗauki nata fannin. Cutar ƙanjamau da rikice-rikice sun bar marayu barjat a Filato, ita kuma ta fara kwaso su tana kawowa gida, ban da 'ya'yansu shida. Yawansu ya haura hamsin a gida ɗaya, ci da sha da kwana, daga baya ta buɗe makarantar Zambiri inda yara marasa galihu suke karatu kyauta. Duk wanda ya taɓa ciyar da gida mai mutum goma ya san abin da wannan yake nufi a kowace safiya.

Sai dai shekarunsa na bishop su ne shekarun da Jos ta lalace. Gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, 'yan watanni kafin naɗinsa, kuma tun daga nan kujerar shugabancinta ta zama abin faɗa. An yi rikicin Afrilun 1994. An yi na 7 ga Satumba 2001, wanda ya ci rayuka wajen dubu cikin mako guda. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002. Yelwan Shendam ta biyo baya a 2004 har Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ya dakatar da Gwamna Dariye. Zaɓen ƙananan hukumomi na Nuwambar 2008 ya sake kunna wuta, rikicin Janairun 2010 kuma a nan gefenmu ya tashi, Dutse Uku, a kan sake gina gidan da aka rusa a rikicin baya. Sai bama-bamai: jajibirin Kirsimeti na 2010, hedkwatar COCIN da cocin St. Finbarr a 2012, Taminus a Mayun 2014. Ni dai abin da na gani da idona shi ne maƙwabta suna ɗaure kaya. Kirista ya bar Unguwar Rogo da Titin Bauchi, Musulmi ya bar Unguwar Rukuba da Jenta, aka yi ta musayar gidaje a farashin asara. Yaran da na koyar a aji ɗaya suka girma ba sa iya kai wa juna gaisuwar mutuwa.

Wutar ta shiga gidan bishop har sau uku. A Fabrairun 2006, lokacin tarzomar zanen ɓatancin da aka buga a Denmak, wasu mutane da makamai suka fasa gidansa da dare suna nemansa. Ba ya ƙasar. Suka yi wa Gloria dukan da ya taɓa ganinta, sai da aka kai ta Amurka aka yi mata aiki. A Yulin 2007 aka dawo, wannan karon yana nan. Yadda ya ba da labari, sun fitar da shi waje za su kashe shi, ya roƙi a bar shi ya yi addu'a, ya durƙusa, suka kwashi abin da suka kwasa suka tafi suka bar shi da rai. A ƙarshen Yunin 2018 aka shiga aka kore masa shanu, aka harbe wani maƙwabcinsa da ya fito ya ga abin da ke faruwa. Mako guda kafin nan ne aka yi kisan ƙauyukan Barikin Ladi, inda Liman Abubakar Abdullahi na Nghar ya ɓoye Kiristoci fiye da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa.

Akwai maganar da 'yan unguwarmu za su tuhume ni idan na tsallake ta. Kwashi ya zama ɗaya daga cikin muryoyin da aka fi saurara a Turai da Amurka a kan tsananta wa Kiristoci a Arewacin Najeriya. Ya yi jawabai, ya yi hira da 'yan jarida, ƙungiyoyin Kirista na can suna kafa hujja da shi. Musulmin Jos da ya bi irin waɗannan bayanai yakan nemi kansa a cikin labarin ya rasa. Dogo Nahawa gaskiya ce: ranar 7 ga Maris 2010 an yi wa Birom kisan gilla cikin dare, mata da yara suka fi yawa. Kuru Karama ma gaskiya ce: ranar 19 ga Janairu na shekarar an kashe Musulmi aƙalla 150, an tsamo gawawwaki daga rijiyoyi. Ko wata biyu babu tsakaninsu. A Yelwa an kashe Kiristoci a harabar coci a watan Fabrairu, an kashe ɗaruruwan Musulmi a watan Mayu. Wanda yake zaune a Landan, ɗaya ya fi sani a kowane biyun nan, kuma ina ganin shugaban da duniya take ba wa kunne yana da nauyin ya ambaci duka.

Amma idan zan auna shi da wannan mudu, dole in auna namu da shi. Malamanmu ma idan suka hau mumbari Kuru Karama suke tunawa, Dogo Nahawa ba ta zuwa bakinsu. Kuma mutumin da aka ƙona wa gida, aka illata wa mata, aka fitar da shi tsakar dare za a kashe, ba ni da bakin da zan ce kada ya yi kuka. Abin da ya fi nauyi a wajena shi ne wannan: a garin da jita-jita kaɗai take tayar da unguwa, mai irin wannan tabo da irin wannan mumbari da ya so a zubar da jini da kalma ɗaya ta ishe shi. Abin da aka san shi da shi tun Zariya shi ne hana ramuwa. Hanyarsa dai ta bambanta da ta takwaransa na Katolika, Ignatius Kaigama, wanda ya riƙe Jos daga 2000 zuwa 2019, wanda aka fi sani da zama teburi ɗaya da shugabannin Musulmi da abotarsa da marigayi Sarkin Wase Haruna Abdullahi. Ni ta Kaigama ta fi kwanta mini, amma ban ce ta Kwashi ta banza ce ba.

Sunansa a duniya ya ƙara fitowa ne ta wata ƙofar daban. Ɗarikar Anglika ta shiga rikicin cikin gida bayan cocin Amurka ta naɗa Gene Robinson bishop a 2003, mutumin da yake zaune da namiji ɗan'uwansa a fili. Coci-cocin Najeriya da Yuganda da Ruwanda da wasu suka ce an saɓa wa Littafi. A 2008 suka ƙaurace wa babban taron Lambeth da Babban Bishop na Kantabari yake kira, suka yi nasu a birnin Ƙudus a ƙarƙashin jagorancin Peter Akinola, suka kafa ƙungiyar GAFCON. A shekarar ce Kwashi ya zama babban bishop na lardin Jos, wanda ya haɗa har da Bauchi da Gombe da Yola da Damaturu da Maiduguri, ya riƙe har 2017, wato daidai shekarun da Boko Haram ta fi ɓarna a yankin. A taron Ƙudus na Yunin 2018 aka bayyana shi a matsayin babban sakataren GAFCON, ya kama aiki a 2019. Kwanaki kaɗan da dawowarsa daga wannan taro ne aka kore masa shanun nan. A wannan batu na aure kam babu gardama tsakaninsa da limaman masallatan Jos, ko da yake ban taɓa jin ɗayansu ya yi masa godiya ba.

Ga wani abin da ba kowa ya lura da shi ba. A lokacin da Kwashi yake sakataren masu adawa, babban sakataren uwar ƙungiyar Anglika ta duniya a Landan shi ne Josiah Idowu-Fearon, daga 2015 zuwa 2022, tsohon bishop na Sakkwato da Kaduna, masanin addinin Musulunci, wanda ya shahara da tattaunawa da Musulmi. Shi ma makarantar yaran soja ta Zariya ya yi. Shekara 119 bayan Sarki Alu ya sallami Tugwell daga Kano, manyan ofisoshi biyu a rikicin ɗarikar duk suna hannun bishop-bishop ɗin Arewacin Najeriya, masu jin Hausa, ɗaya a wannan ɓangare ɗaya a wancan.

A 2020 aka gano yana da ciwon daji a hanji, ya yi jinya mai tsawo, ya dawo bakin aiki. Ya halarci taron GAFCON na Kigali a Afrilun 2023, a shekarar kuma ya sauka daga kujerar Jos yana da shekara 68, shekara biyu kafin wa'adin saba'in da cocin ta yanka wa bishop-bishop ɗinta. Ephraim Gongden ne ya gaje shi.

Littafin da aka rubuta a kan rayuwarsa, Neither Bomb Nor Bullet, ɗan jaridar Ingila Andrew Boyd ne ya rubuta shi, ya fito a 2019, da Turanci, don masu karatun can. Matan zumunta da suka buga masa tulu shekara talatin ba za su karanta shi ba, mu ma maƙwabtansa ba da mu aka yi shi ba. Ina kira ga ɗaliban tarihi na Jami'ar Jos, Musulminsu da Kiristansu: tsofaffin Kabwir da Panyam da Wusasa da suka ji labarin 1930 daga bakin iyayensu saura kaɗan, haka ma dattawan Gangare da Dilimi da suka yi makarantar mishan. Ku je ku same su da na'urar ɗaukar magana tun suna da rai, ku rubuta abin da suka faɗa da Hausa.